Motar da Akuya Ta Iya Tuƙawa

Jiya bayan na rufe kwamfuta na kwanta, na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na ga kaina a ofishinmu, inda na shekara goma sha ɗaya ina rubuta manhaja. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai kujeru ne a kan tebura, ma'aikata kuma na zaune a ƙasa suna miƙa hannu sama suna danne-danne. A mazaunin manaja akwai wani bunsuru mai furfurar gemu, ya sa tabarau, yana cin wani fayil daga shafin ƙarshe zuwa na farko. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya dame ni shi ne fayil ɗin nawa ne.

"Malam Tasi'u," in ji shi, "ka ji za a rage ma'aikata."

"Na ji, ranka ya daɗe. An ce ranar Litinin sunaye za su fito."

"Litinin ai ta zo tun shekaranjiya, mun ajiye ta a kabad. Kujera ɗaya ta rage, ku kuma biyu ne, kai da Nazifi. Tseren mota za ku yi."

Na ce masa ban iya mota ba, ko babur ɗina ba na hawa sai matata Rumasa'u ta raka ni da addu'a. Ya ce ba komai, a ƙasar nan ba a ƙera mota, rubuta ta ake yi, kuma tawa na riga na gama ta ban sani ba.

Sai ga ni a filin tsere. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama, saboda haka kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a cikinta. Motata na tsaye a bakin layi, fara tas. A jikin kowane ƙarfe akwai ƙaramin rubutu da hannuna: wannan birki ne, ga dalilin da ya sa aka sa shi nan, wannan wayar kada a taɓa ta sai an kashe waccan. Haka nake aiki tun fil azal. Malamar da ta koya mini sana'ar a Zariya takan ce duk layin da ka rubuta ka bar bayaninsa a ƙasa, domin wanda zai zo bayanka mutum ne mai ciwon kai irin naka. Da wannan ɗabi'a nake tinƙaho a ofis, har nakan yi wa wasu gori a kanta.

Motar Nazifi abokin aikina kuwa tulin wayoyi ce da suka cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ba ƙofa, ba sitiyari. Ta salansa ya shiga, ya leƙo da kansa ta wurin fitila ya yi mini sallama.

A wurin 'yan kallo ba kowa sai majalisar ƙofar gidanmu, da bencinta da butar shayinta. Ɗantani tela na nan, da Sagiru mai gyaran waya, mutanen da ba a taɓa kawo maganar da suka ce ba su sani ba. A mafarkin duk abin da suka faɗa, hanya sai ta bi shi.

"Ni fa ban ga aiki a tseren mota ba," in ji Ɗantani. "Mutum ya ƙona mai, ya zagaya sau hamsin, ya dawo inda ya tashi. Mai keke ma ai yakan sauke fasinja."

Nan take hanyar ta lanƙwashe ta kama wutsiyarta.

"Kai ba ka gane ba," in ji Sagiru. "Direba ado ne kawai, inji ne ke cin tsere. Nan da shekara biyu waya ce za ta riƙa ɗinka maka riga."

"Allah ya kiyaye. Duk laifin gwamnati ne."

Da faɗar haka sai ga wani ɗan takara a bayan akori-kura. Ya riga ya ci zaɓen baɗi, yana zagayawa yana ba mutane haƙuri a kan alkawuran da bai kai ga yi ba tukuna. Majalisa ta tafa masa, ta zage shi, ta sake tafa masa. Ya wuce da rabin kwaltar hanyar a naɗe a hammatarsa.

Aka kaɗa tutar gama tsere, muka fara.

Motata ta tashi lafiya lau. Duk abin da na manta sai in duba rubutuna in tuna. Na yi zagaye uku, na huɗu ma na shiga, Nazifi ko motsi bai yi ba, hayaƙi kawai yake fitarwa mai warin ƙonanniyar shinkafa. Raina ya yi fari. Na fara shirya yadda zan gaya wa Rumasa'u cewa kujerar ta tsira, ta daina kallona a ɓoye in ina cin abinci.

Sai na ji numfashi a gefena. Wata akuya ce a kujerar mai zaman banza, ƙarama, mai tsabta, da katin aiki a wuyanta. Sabuwar ɗauka ce. An ce ba ta barci, ba ta zuwa hutu, ba ta da 'ya'ya a makaranta. Rubutuna na jikin motar take karantawa. Ta karanta bayanin giya ta gyaɗa kai, ta karanta na totur ta gyaɗa kai.

Da na zo wucewa ta gaban Nazifi ya ɗaga murya daga cikin fitila. "Tasi'u, goge rubutun nan. Wallahi in ta gama karantawa ka tashi daga aiki."

Na san gaskiya ya faɗa. Na ciro hankici na fara gogewa, hannu ɗaya a sitiyari. Na goge na madubi, na goge na hon. Saura na birki, shi kaɗai ne ba ta kai gare shi ba. Na sunkuya zan goge, sai idona ya faɗa kan abin da na rubuta: birki yana hagu. Alhali bara na mayar da shi dama, na manta ban gyara bayanin ba. Duk wanda ya bi wannan rubutu, katanga zai runguma.

Ba sai na goge ba ma. In na bar shi yadda yake, shi ke nan, kujera tawa ce. Na san haka sarai, ina ji a jikina. Amma kafin in gama wannan tunani hannuna ya riga ya zaro biro daga aljihu, ya soke hagu, ya rubuta dama, har da kwanan wata.

"Na gode, Malam," in ji akuyar. "Dama nan ne kawai ban gane ba."

Sai ga ni tsaye a bakin hanya, ba takalmi. Motar na ta zagayawa ba ni a ciki, akuyar ce ke tuƙi, kuma ba ta taɓa gudu mai kyau irin wannan ba. Ko kwana ɗaya ba ta kuskure ba. Ita ta zo ta ɗaya.

Bunsurun ya zo da kofi a baki, ya ajiye shi a kan bonet.

"Ranka ya daɗe, motata ce ta ci," na ce.

"Ƙwarai. Aikinka ya yi kyau, Malam Tasi'u. Kowa ya gane shi, har akuya. To me kuma za mu yi da kai?"

"Nazifi fa? Ko tashi bai yi ba."

"Shi ya sa. Ba wanda ya san yadda ake kunna motarsa, ba wanda ya san yadda ake kashe ta. In muka sallame shi, wa zai janye mana ita daga hanya?"

Ya tofo abin da ya rage na fayil ɗina, ɗan guntun da ke da sunana. Ruwa ya ɗauke shi ya yi sama da shi, ina kallo har ya ɓace. Baƙin ciki ya cika mini ƙirji, irin wanda ba ya zuwa da hawaye. Shekara goma sha ɗaya ina share hanya don mai zuwa bayana, ban taɓa tambayar ko wane ne ba.

Na je na zauna a ƙarshen bencin majalisa. Sagiru ya miƙo mini shayi, ya dafa kafaɗata.

"Kada ka damu," ya ce. "Ka je ka koyi rubuta manhaja. Yanzu ita ce sana'ar da ke ci."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ƙarar inji ta fito maimakon magana, tana ta ƙaruwa.

Na farka, ashe injin markaɗen maƙwabciyarmu ne, an tayar da shi da sassafe kamar kullum. Rumasa'u na tsakar gida tana wanke wake. Na jawo waya na duba. Litinin ce, kuma akwai saƙon manaja: in taimaka in kammala rubuta bayanin duk aikina kafin ƙarfe goma, don ya san ni ba na barin abu a duhu.

Na buɗe kwamfuta. Akwai wuri ɗaya da ban gyara ba tun bara.