Ƙunar da ke Bayan Wuyan Gita

A cikin buhun shinkafa gitar ta zo kantin Alhassane, wuyanta a waje. Wani direban kamiyon dakon kaya ne ya kawo ta, ya ce a Assamakka ya karɓe ta daga hannun wani mutum mai neman kuɗin mota. Shekara ta biyu ke nan da dawowar tawaye, kuma ba a cika tambayar kaya inda suka fito ba. Hanyoyin arewa duk nakiya, motoci ba sa fita sai da rakiya. Wasu na sayar da abin hannunsu suna barin Arlit, wasu na shigowa cikin fararen motocin sababbin kamfanonin neman uranium. Alhassane yana saye daga masu tafiya, ya sayar wa masu zuwa: rediyo, fanka, firji, duk abin da ya samu.

Gitar ja ce, mai aiki da lantarki, kuma ta sha wuya. Sunan wani kamfanin Amurka na rubuce a kanta, amma Alhassane bai kula da shi ba, don ya ga irin sunan a kan gitocin bogi da ake shigowa da su ta Aljeriya. Sai da direban ya tafi ya ɗaga ta a tafin hannu ya ji nauyinta. Ya kwance kusoshin da ke riƙe da wuyan, ya leƙa ramin da rana ba ta taɓa shiga ba. Hatimin masana'anta na nan, lambarsa ta yi daidai da ta farantin ƙarfen baya. Ya buɗe cikinta, wayoyin tsofaffi ne, ba wanda ya taɓa dalmarsu. Ta gaske ce.

Sai dai biyu daga cikin tsirkiyoyinta wayar birkin moto ce. Rairayi ya cika ko'ina, gumi ya cinye fenti a inda hannu ke kwanciya. A bayan wuyan kuma, can sama kusa da maɗauran tsirkiya, akwai baƙar ƙuna mai zurfi. Alhassane ya yi tsaki.

"Wane irin mutum ne zai ajiye taba a kan dukiya haka?"

Yana da mai saye tun kafin ta zo. Fatahu, wani injiniya ɗan Yamai da ke aiki a ɗaya daga cikin sababbin kamfanonin, ya daɗe yana cewa in an samu ta gaske a kira shi. Da ya zo ya gani, ya ce yana so, amma tsaf, ba ya son tarkacen daji a falonsa. Don haka Alhassane ya miƙa ta ga Zayyadu, mutumin Tawa mai gyara a rumfar da ke jikin kantin.

"Ka mayar min da ita amarya," in ji Alhassane.

"Ku Damagarawa kun cika son amarya da sadakin bazawara," Zayyadu ya ce. "Wagga ƙuna fa, mi za a yi da ita?"

"Goge ta. Kada in ga ko inuwarta."

Zayyadu ya goge, ya cike ramin da garin katako da gam, ya shafa mai sheƙi a kai. Ya sa sababbin tsirkiyoyi, ya busa rairayin. Da ya dawo da ita, Alhassane ya rataye ta a bango, mutane suna tsayawa kallo.

Da hantsin ranar da Fatahu zai zo ɗauka, wata mata ta tsaya a bakin kantin. Ba'abzina ce, siririya, da baƙin lulluɓi da ya koɗe. Ba ta kalli fankoki ba, ba ta kalli Alhassane ba, bango kawai take kallo.

"Sannu, baiwar Allah. Me ake nema?"

"An ce akwai jan gita a nan."

"Akwai, amma an riga an saya."

"Ba saye na zo yi ba, Malam. Gani nake so."

Ya ba ta benci ta zauna. Ta ce sunanta Lalla. Mijinta, Ahmudu, makaɗin gita ne na bukukuwa. Tun farkon sanyin bara aka ɗauke shi zuwa wani aure a daji, wajen Iferwan, da shi da gitarsa da batirin mota. Motar da ta ɗauke shi ba ta isa ba, ba ta dawo ba. Wasu sun ce nakiya ce, wasu sun ce ya shiga duwatsu wurin 'yan tawaye, wasu sun ce sun gan shi a Tamanrasset. Ba wanda ya ga gawa.

"Limaminmu ya ce ba zan shiga takaba ba sai da shaida," in ji ta. "Ya ce in ba haka ba, jira ne na shekaru. Iyayena a Dannet sun ce in koma gida. Uwarsa ta ce matar mai rai ba ta barin ɗaki. Ni ban san wace ce ni ba, Malam. In na sa lalle, a ce ban damu ba. In na ƙi, a ce ina yi masa fatan mutuwa."

"To gitar me za ta gaya miki?"

"Ahmudu zai sayar da rawaninsa kafin ya sayar da ita. In tasa ce take yawo a hannun direbobi, to ba ya raye. In ba tasa ba ce, zan koma in zauna."

Alhassane ya sauko da gitar ya ɗora mata a cinya. Ba ta taɓa tsirkiyoyin ba. Ta juya ta kife, ta kai yatsa kai tsaye bayan wuyan, can sama. Yatsan ya zame a kan sheƙi. Ta sake shafawa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake.

"Babu," ta ce a hankali. "Tasa tana da shaida a nan."

"Wace irin shaida?"

"Ta raƙuman gidansu. Da ƙarfe mai zafi ya yi ta, kamar yadda ake yi wa raƙumi a wuya. Kowane gida da tasa. Duk Ba'abzinen da ya gani zai faɗa maka na gidan wane ne."

Alhassane ya dubi wurin da aka goge. Shekara goma sha yana zaune a garin nan, raƙuma na wucewa ta gaban kantinsa, bai taɓa tsayawa ya dubi wuyan ko ɗaya ba. Ta riga ta fara gyara lulluɓinta za ta tashi, fuskarta ta ɗan saki. Da ya yi shiru, da ta tafi.

"Lalla, zauna," ya ce. "Akwai ƙuna a wurin. Ni na sa aka goge."

Ta zauna. Ya ƙwala wa Zayyadu kira, ya shigo yana share hannu a riga, da wasa a bakinsa, sai ya ga fuskokinsu ya haɗiye. Lalla ta durƙusa ta zana da yatsa a ƙasar bakin ƙofa: layi ɗaya a tsaye, ƙugiya a samansa, ɗigo biyu a gefe.

"Haka take?"

Zayyadu ya daɗe yana kallo. "Wallahi, uwar ɗaki, akwai layi. Ɗigon ne ban riƙe ba."

"Ƙugiyar fa, dama ta kalla ko hagu? In hagu ce, ta wasu mutane ce dabam."

"Ni ƙuna na gani," ya ce, kansa a ƙasa. "Aka ce in goge, na goge."

Ta juyo ga Alhassane. Ya rufe ido ya nemo abin a ransa. Yana tuna lambar farantin ƙarfen har ƙarshenta, yana tuna launin wayoyin ciki. Ƙunar kuwa baƙin abu ne kawai da zai rage kuɗi.

"Kawo wuƙa," ya ce wa Zayyadu.

"Patron, mutumin nan da azahar zai zo."

"Na sani. Kawo."

Zayyadu da kansa ya kankare, a hankali, sheƙin na tashi kamar ɓawon albasa. Ya tone garin katakon da ya cusa. A ƙarƙashi sai kwarmi mai santsi, da ɗan duhu-duhu a tsakiya. Ya yi aikinsa da kyau. Lalla ta karkata gitar ta kowane gefe, ta jiƙa yatsa da yawu ta shafa, ta kai ta tsakiyar rana. Duhun bai zama layi ba, bai zama ƙugiya ba.

Wata motar ma'aikatan ma'adinai ta wuce, kantin ya girgiza. Alhassane ya matso ya rage murya.

"Ki saurara. In kina so, zan bi ki wurin liman. Zan ce na ga shaidar, irin wadda kika zana. Ja ce, daga arewa ta fito, da wayar birki a jikinta. Kusan tabbas tasa ce."

"Duk makaɗan daji wayar birki suke sawa. Jajaye kuma na san uku." Ta ɗago ta dube shi. "Ka gani, ko ba ka gani ba?"

Ya kawar da ido zuwa kan kwarmin.

"To kada ka kashe min shi da bakinka, Malam."

Ta miƙa masa gitar da hannu biyu. Ta tambayi sunan direban da kalar kamiyonsa. Alhassane ya ce sunansa Sabiru, kamiyon shuɗi ne, amma ya ji an ce ya wuce Libiya da kaya, ba a san ranar dawowarsa ba. Ta maimaita sunan sau biyu don kada ta manta.

Da azahar Fatahu ya zo, ya ga kwarmin, ya yi faɗa, ya rage kuɗin sosai. Alhassane bai yi ciniki ba. Aka naɗe gitar a bargo aka sa a bayan farar mota.

Bayan sati biyu Alhassane ya je tashar manyan motoci karɓar wani firji. Ya hango Lalla zaune a inuwar bango, tana bin kowane shuɗin kamiyo da ido. Mai shayin tashar ya ce kullum sai ta zo, daga safe zuwa la'asar, sannan ta koma gidan uwar mijinta.