Tsintsiyar Malam Yuguda

Malam Yuguda ya jingine babur ɗinsa a gindin darbejiya, ƙafar wandonsa duk taɓo. An daɗe da kaɗa ƙararrawa. Ruwan asuba ne ya ja shi gona zuba taki, har ya manta da agogo.

Yana shiga ajin 'yan matan aka yi tsit. Idonsa ya sauka kan kwalin da ke bango, wato tsarin mulkin ajin, wanda su da kansu suka tsara suka kaɗa masa ƙuri'a, bayan ya kwashe zango guda yana koya musu cewa a dimokuraɗiyya doka tana saman kowa. Sashen farko ya ce duk wanda ya makara zai share aji. Shi ne ma ya nace a rubuta "duk wanda".

Ya ɗauki alli ya juya musu baya. Ba tsintsiya yake tsoro ba. Tsoronsa su yi shiru, ya tabbata duk surutunsa haddar jarrabawa ce kawai.

Ya jiyo wata ɗaliba, Kulu, tana yi wa Sa'adiyya, monitar da suka zaɓa, raɗa.

"Ke, rufa mana asiri. Sa'an babanki ne fa. A gidanku kin taɓa miƙa wa babba tsintsiya?"

Benci ya yi ƙara. Da ya waiwayo, sai ga Sa'adiyya durƙushe har ƙasa, ta tallabo tsintsiya da hannu biyu kamar mai miƙa wa baƙo ruwa.

"Malam, ina kwana. Don Allah ka yi haƙuri. Ka makara."

Daɗi ya cika shi, amma ya murtuke fuska.

"Har da ni?"

"Ba mu rubuta ban da malami ba."

Ya naɗe hannun riga ya sunkuya. Kunya ta hana Kulu zama, ta taso da gudu.

"Kawo, Malam, in share maka."

Sa'adiyya ta ce, "Dokar ba ta ce a taya ba."

Rabon bawan Allah da shara tun yana firamare, kuma aikin ya nuna. Ya tayar da ƙura, ya ɗan kakkaɓe tsakiyar aji, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya miƙa mata tsintsiyar yana murmushi.

Ba ta karɓa ba. Kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, saura ƙarƙashin benci."