Jan Ɗigo a Bakin Get

Baba Ƙarfe bai saba da tsoro ba. Mota ta taɓa kifewa da su mutum tara, shi kaɗai ya fito yana kakkaɓe riga. Ruwa ya ci gidansa sau biyu. Maciji ya sare shi, macijin ne ya mutu. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara talatin da ɗaya mabuɗin makarantar bakin gada na rataye a ƙugunsa. Sai ga shi ran wata Talata tsoro ya kama shi saboda ɗigon jan biro.

Hukuma ce ta ce ƙananan sakandare biyu sun yi wa unguwa yawa, ta bakin gada da ta kan tudu. Za a ba 'yan aji uku jarrabawa iri ɗaya a gwada sakamako, wadda ta zo ƙasa a rufe ta. Yaron da bai zauna ba kuwa, babu shi babu babbar sakandare.

Ana gobe jarrabawa Firinsifal ya kira shi ofis, ya tura ƙofa.

"Baba, karatu ne ba ka da shi, amma kana ganin kala. Duk wanda ka ga jan ɗigo a katinsa na jarrabawa, gobe kada ya shigo. Su ke ja mana maki ƙasa. Za mu rubuta ba su da lafiya."

"Ranka ya daɗe, to makomarsu fa?"

"Taka za ka tambaya. In aka rufe nan, ɗakin gadin da kake kwana da marainiyar jikarka, wa zai ba ka wani?"

An raba katin a tashin makaranta. Jikar tasa, wadda yake kira Gajera, ta cusa nata a jaka. Sau uku ya miƙa hannu ga jakar nan yana janyewa.

Da safe ya buɗe get rabi, yana duba kati yana tarewa. Yara goma sha takwas ya mayar. Ta goma sha tara ta miƙo nata tana dariya.

"Tsoho, yi sauri mana, kai da ba ka iya karanta shi ba."

Ga ɗigon nan a kusurwa, ja wur. Ya ga Firinsifal tsaye a baranda yana kallo.

"Koma gefe tukuna."

"Kaka, ni ce fa."

"Na ce gefe!"

Babu wanda ya tafi gida a cikinsu, don ba su san abin da za su gaya wa iyaye ba. Suka jeru a gindin katanga da fensir a hannu. Gajera ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai take, shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

Saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa motar hukuma ta tsaya. Sufeta ta fito, mace mai gilashi, ta dubi katanga. Firinsifal ya taho har yana tuntuɓe.

"Waɗannan fa?" in ji ta.

"'Yan kan tudu ne, Hajiya. Kin san yunifom ɗinmu ɗaya. Yawo suke."

Ta juya ga Baba. "Haka ne, mai gadi?"

Ya tuna ɗakinsa, da tabarmar yarinyar, da tukunyarsu guda. Muryarsa ta fito siririya kamar ba tasa ba.

"Ido ya tsufa, Hajiya. Ban... ban shaida su ba."

Ta yi murmushi. "Ai mai gadin makarantar tudu ya gaya min. Ya ce shi ya san kowane yaro nasa, kai kuwa ko akuya ce ta sa yunifom, buɗe mata za ka yi."

"Wa? Wannan mai gyangyaɗin?" Kafin tsoro ya riƙe masa harshe, magana ta riga ta fita. "Ni ne ban san yarana ba? Wancan ɗan mai gyaran rediyo ne, ɗan aji uku, ubansa ma ni na tare shi a latti! Waccan 'yar ungozoma. Wancan Dogo, bai taɓa fashi ba ko ana ruwa. Tagwayen tela ga su nan. Wannan kuwa jinina ce, ni na goya ta!"

Sai da ya kai na goma sha tara ya ji shirun da wurin ya yi. Sufeta ta karɓi katin Gajera, ta daɗe tana kallon ɗigon, ta karɓi na kusa da ita.

"Buɗe get, Baba."

Ya ja sakata ta ƙi zaruwa, sai da Dogo ya kama masa. Yaran suka ruga aji. Firinsifal ya wuce ta gefensa ya ce a hankali, "Ka rufe mu, tsoho. Ka fara ɗaure kayanka."

Gajera ce ta ƙarshe. Ta tsaya ta miƙo masa fensir.

"Fiƙe min, ya karye a hannuna."

Ya ciro 'yar wuƙarsa. Sau biyu yana karya bakin fensirin kafin ya samu ya tsaya. Ta fizge ta ruga, ƙararrawa na bugawa.

Ya zauna a kan benci, mabuɗi a tafin hannu, yana kallon ƙofar ɗakinsa.