Da Ɗaya

Tana cikin goge wa mijinta, Malam, baki da gefen tawul likita ya shigo, ƙanen Malam na biye da shi. Likitan ya ɗaga hannun Malam na dama ya saki. Hannun ya faɗi kan katifa kamar ba nasa ba.

"Mama, rabin jikin nan ya riga ya tafi," in ji shi. "Maganar ma ba na jin za ta dawo."

"Amma yana jin mu?"

"Wannan kam sai Allah."

Da likita ya fita, ƙanen ya jawo kujera ya zauna.

"Matar yaya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kira nawa na yi masa, ko ƙiftawa bai yi ba. Yaya ba ya nan, gangar jiki ce kawai. Ki daina yi masa hira, kina ƙara wa kanki ciwo."

Kalmar likita ce ta tsaya mata a rai: rabi.

Malam ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, ita kuwa sai da furfura ta fara fito mata sannan ta zauna a gabansa ta koyi rubuta lamba. A kan teburin ɗinkinta yake koya mata, da allin da take zana yadi. Wata rana ta gaji, ta ce ya faɗa mata lambar ƙarshe kawai, kowa ya huta.

"Faɗi wadda kike gani ta fi kowace girma, Tela."

"Miliyan dubu."

"Da ɗaya," ya ce, ya ɗaga yatsa.

Tun daga ranar abin ya zama tsokana a gidan. In ta ce sau ɗari ta hana shi ajiye takalmi a bakin ƙofa, sai ya ɗaga yatsa: "Da ɗaya." Har ludayi ta taɓa jifan sa da shi.

Akwai kuma ranar da ya juye gwangwanin maɓallanta a kan tebur, ya ce yau zai nuna mata abin mamaki. Lambobin da ake ƙirgawa bibbiyu, wato biyu, huɗu, shida, har abada, yawansu ɗaya ne da dukkan lambobi.

"Haba Malam! Ai rabi ka tsallake."

"In kin gama riga, ƙirga maɓalli kike yi, ko sa kowanne kike yi a ƙofarsa?"

"Sawa nake yi."

"To, sa ɗaya a ƙofar biyu. Biyu a ƙofar huɗu. Uku a ƙofar shida. Wane maɓalli zai rasa ƙofa? Wace ƙofa za ta zauna wayam? Abin da ba shi da iyaka, ko kin cire rabinsa, ba ya raguwa."

Ta ce masa wannan lissafin ba zai ɗinka wa kowa wando ba. Ya yi dariya har ya ƙware.

Yanzu ga shi kwance, baki a karkace, ido na kallon silin. Fanka na juyawa a hankali. A gadon kusa wani tsoho na faɗa da jikarsa kan ta cika wa shayi sukari.

Ta matso da bakinta kusa da kunnensa na hagu.

"Malam, na samo ta. Lambar ƙarshe. Miliyan dubu."

"Matar yaya, me kuma kike…"

Ta ɗaga wa ƙanen hannu, ya yi shiru.

Ba abin da ya motsa. Har ta fara janye jiki, sai hannun hagu ya ɗan girgiza a kan zanen gado. Yatsu suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, manuniya ta miƙe, tana karkarwa.

Ƙanen ya zabura, kujera ta faɗi.

"Allahu Akbar! Shahada yake yi! Yaya, la'ilaha illallah! Faɗi, Yaya!"

Tsohon gadon kusa ya ajiye kofinsa ya kama salati, jikarsa ta ja mayafi ta rufe kai. Ƙanen ya durƙusa a bakin gado yana kuka kamar yaro, yana cewa alhamdu lillahi, yayansa zai samu cikawa da imani.

Ta buɗe baki za ta gaya masa, sai ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ta bi su ta yi kalmar shahada har ƙarshe. Sannan ta kama yatsan nan a tafin hannunta, ta sake sunkuyawa, yadda ba wanda zai ji.

"Na gani, Malam. Miliyan dubu da ɗaya. To, saura kai, ka ƙara."

Ta saki yatsan, ya kwanta cikin 'yan'uwansa. Ta ɗaga kujerar da ta faɗi, ta jawo ta ɓangaren hagu, ta zauna tana kallon hannun.