Tirelar da Miley Ya Mutu a Ciki

Yayana Miley Harty ya mutu ranar Talata da hantsi, a cikin tirelarsa, irin ɗakin nan mai taya da mota ke ja, da takalmi ɗaya a ƙafa. Matarsa Mena ta fita shanya, ta dawo ta tarar da shi a bakin gado ya sunkuya kamar mai laluben ɗayan. Da a asibiti ya cika, da babu wannan labari. Amma Miley bai taɓa sauƙaƙa wa kowa komai ba, har ranar ƙarshe.

Mu Matafiya, ƙabilar da ta gaji yawo a kan hanya, ɗakin da mutum ya cika a ciki ba a ƙara kwana cikinsa. Ƙona shi ake yi, da gado da sutura da komai, kofin shayin mamacin kuma a fasa. Haka aka yi wa keken dokin kakanmu, haka aka yi wa na babanmu a bakin hanya. Tsofaffi sun ce in ka bar wa mamaci ɗakinsa zai riƙa dawowa, shi bai huta ba, ku ba ku huta ba.

Sai dai yanzu ba a bakin hanya muke ba. Shekara goma sha tara ke nan muna zangon da ƙaramar hukuma ta gina mana a bayan garin Kilbrannock: fili tara na siminti, kowane da famfo da ɗan ɗakin girki, ka ajiye tirelarka a gefe, wato gidanka mai taya. Mena na fili na bakwai, 'yarta Charlene da 'ya'ya biyar suna na takwas, ni Teasie ina na huɗu. A bakin zangon akwai ƙarfe a gicciye ta sama. Ƙaramar mota tana wucewa, amma tirela ba ta shiga ba ta fita sai an zo da makulli, makullin kuma yana wurin 'yan sanda. Ta gabas katanga ce, bayanta gidajen 'yan gari. Da muka zo iya ƙirjina take. Sau biyu ana ƙara mata tsawo, duk da ƙoƙarin Mista Ultan Fahy, tsohon malamin makaranta, shugaban ƙungiyar unguwa. Daga tagar benensa yake kallonmu, yana da littafi da yake rubuta duk haushin kare da duk hayaƙin da ya tashi. Bara waccan wani ya ƙona tayoyi, aka sa dukanmu muka sa hannu a takarda cewa iyalin da suka ƙara hura wuta sun rasa filinsu.

'Yar sandan da aka ɗora mana ita ce Saja Dervla Considine. Kafin ita, in keken yaro ya ɓata a gari, mota shida ake turo mana. Ita kuwa a ƙafa take shigowa, ita kaɗai. Shekara biyu Mena tana ba ta shayi a kofin baƙi, wanda ake ajiyewa daban a waje. A ta uku ta ciro mata na tangaran mai shuɗin fure, ta kafa masa ƙusa kusa da na Miley. Ranar da ya rasu, Saja na tsaye, Mena ta ɗauki kofin Miley ta buga shi a gindin katanga. Saja ba ta tambayi dalili ba, ta riga ta sani.

Ranar jana'iza mashaya goma sha ɗaya da ke garin duk suka rufe, kowace da takarda a ƙofa wai ana gyara. Motocin 'yan sanda a ƙofar coci sun fi na fada, wato limamin cocin, da mawaƙansa yawa. Aka binne shi lafiya, ba wanda ya ko ɗaga murya.

Washegari Saja ta zo, hula a hannu. Hughie da Luke, 'ya'yan Mena maza, sun riga sun ajiye jarka biyu ta fetur a gindin tirelar.

"Allah ya ji ƙansa, Misis Harty," in ji ta. "Na ga jarkoki."

"Idonki lafiya lau, 'yata. Zauna ki sha shayi."

Ta zauna, aka zuba mata a kofinta.

"Kin san takardar nan. Kafin hayaƙi ya kai kan katanga Fahy ya buga waya, daga nan kuma magana ta fi ƙarfina. Filinki zai tafi. Na Charlene ma, don iyali ɗaya suka rubuta ku."

"To ba mu makulli mana, Saja," in ji Hughie. "Mu ja ta waje, mu sami wani fili."

"Filin wa? Duk filin da ka sani a gundumar nan yana da mai shi, kowane mai shi kuma yana da waya."

"Ke nan mutum ba shi da inda zai ƙona abinsa a ƙasar ubansa?"

"Rufe mana baki, Hughie," in ji Mena. "Ba ita ta rubuta ba."

Saja ta ce akwai wata hanya. Ƙaramar hukuma tana da yadin da take kai tsofaffin motoci, inji ya matse su su koma kamar akwati. In Mena ta sa hannu ta miƙa tirelar, za a zo a ja ta can.

"Ai ba wuta ba ce," in ji Mena.

"Ba wuta ba ce. Amma ba za ta ƙara zama ɗaki ba, ba mai kwana a ciki."

"Za ki tsaya a kai? Da idonki?"

"Na yi miki alkawari."

Mena ta daɗe tana kallon igiyar shanyar Charlene, rigunan makaranta biyar a jere. Sannan ta ce wa Luke ya mayar da fetur cikin mota. Ni na sha ganin alkawarin masu kaki, amma ba wanda ya tambaye ni.

Ranar Juma'a aka zo ɗauka. Tirelar shekararta huɗu kacal, kuma ta Mena ce: ba a girki a ciki, ba a shiga banɗakinta, ledar kujeru ma ba a cire ba. Abu ɗaya ne mummuna a jikinta, bututun hayaƙin murhu da Miley ya haɗa da hannunsa, a karkace, ya kifa masa murfin tukunya a kai don ruwan sama. Direban motar ja ya leƙa ciki ya yi fito.

"Wannan za a matse? Wallahi ɗakin kwanana bai kai ta ba."

Saja ta buɗe ƙarfe, ta bi bayansa a motarta. Hughie ya kawo wa uwarsa wata ƙaramar tsohuwar tirela ya ajiye a gurbin, shi da Luke suka koma yamma inda suke zaune a bakin titi.

Mako biyar bayan haka, muna dawowa daga addu'ar wata ɗaya da aka jinkirta saboda fada ba shi da lafiya, Mena ta tsaya cak a tsakiyar filinta.

"Teasie, zo ki gaya mini idona ne."

Ba idonta ba ne. Ta saman katanga, a bayan gidan Fahy, ga bututu a karkace da murfin tukunya.

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ta sake saka baƙin kwat ɗinta, ta jefa kwalbar ruwa mai tsarki a jaka, ta ce in raka ta. Tsakanin filinta da ƙofar Fahy bai fi taku hamsin ba in da babu katanga. Ta titi sai da muka yi minti ashirin, saboda gwiwoyinta. A shekara goma sha tara ba ɗayanmu da ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar nan.

Ya buɗe da sarƙa a maƙale.

"Ba ma sayen komai."

"Ba talla na kawo ba, maigida. Maƙwabciyarka ce ta bayan katanga."

"Na san ki. Fili na bakwai."

"Tirelar da ke bayan gidanka, mijina ya mutu a cikinta. Na zo in roƙe ka, kada ka bar kowa ya kwana ciki. Musamman yara."

"Surukina ya saye ta a yadi, da takarda da komai. Jikokina za a kai bakin teku da ita in zafi ya zo." Ya dube ni, ya dube ta. "Me zai same su in sun kwana?"

"Ban sani ba. Mu ba mu taɓa gwadawa ba."

"Barazana ce wannan?"

"Haba maigida. Ƙona ta ya kamata a yi tun farko, shi ke nan maganata."

Ya rufe ƙofa. Kafin mu kai babban titi mota biyu ta tare mu, wani saurayin ɗan sanda da bai kai jikana ba ya rubuta sunayenmu, ya buɗe jakar Mena ya shinshina ruwa mai tsarki.

Da la'asar Saja ta zo. Ba ta zauna ba, Mena kuma ba ta ce ta zauna ba.

"Na bi direban har shataletale, aka kira ni wurin haɗari," in ji ta. "Na buga wa mai yadin waya da yamma, ya ce an gama. Ban je na duba ba."

"Ba ki je ba."

"Ban je ba, Misis Harty. Yanzu ya ce da ya ga lafiyarta sai ya ga matse ta asara ce, ya sayar. Zan gyara, ki ba ni lokaci."

Ta yi ƙoƙari, ba zan ɗauki alhakinta ba. Ta je yadi, ta je ƙaramar hukuma, ta je wurin Fahy sau uku. A ofis suka nuna mata hannun Mena a takardar miƙawa, suka ce daga ranar abin ya tashi daga nata. Fahy ya ce in ya ba mu tirela yau, gobe cewa za mu yi kakanmu ya mutu a falonsa. Ya kuma shigar da ƙara cewa an yi masa barazanar gobara. Aka ajiye motar 'yan sanda a bakin zango har mako biyu, aka aiko mana saƙo cewa ko tartsatsi ya taɓa tirelar nan, fili taran za a kwashe.

Hughie da Luke suka taso daga yamma ido jawur. Katangar ba ta fi ƙarfin tsani ba, kowa ya sani. Mena ta tsaya a gabansu da sandarta.

"Duk wanda ya ƙyasta ashana ban yafe masa ba. Ku dubi yaran Charlene sannan ku dube ni."

Suka zagi katanga, suka zagi Fahy har kakansa, suka ci kabeji da dankali, suka koma.

Mena kuma ta gwada zama. Ta juya kujerarta ta ba gabas baya. Ta ɗaura igiya ta rataya bargo don ya tare mata. Sai wata Asabar da safe hayaƙi ya fito daga bututun. Fahy ne ya hura murhun don ya kori danshi, kuma wannan hayaƙin ban jin ya shiga littafi. Mena ta fito da bokiti a hannu, ta tsaya tana kallo har ya mutu.

"Miley ya koma ɗakinsa," in ji ta. "Yana jin sanyi, kin san shi."

Daga ranar ta daina cin abincin kirki. Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, don na san abin da za ta yi tun kafin ta faɗa. A da in an yi mutuwa aka ƙona, iyali tashi suke su bar wurin. Ita ba ta samu ta ƙona ba, saura tashin. Ta ce za ta koma wurin Luke. Wurin Luke gefen titi ne, babu famfo, babu banɗaki, duk bayan 'yan kwanaki a zo a ce su matsa gaba. Shekararta saba'in da ɗaya. Ita ce kuma wadda ta yi shekara takwas tana zarya ofis kafin a gina zangon nan.

"Mama, ki bari zafi ya zo, ai za su tafi da ita teku," in ji Charlene.

"Su dawo da ita in sanyi ya shigo. Ni ba zan zauna ina gadin ubanki ta kan katanga ba."

Ranar Alhamis Luke ya ɗaura ƙaramar tirelar a motarsa. Dole a kira mai makulli, Saja ce kuma ta kawo da kanta. Ta ɗaga ƙarfen, ta matso gefen da Mena take zaune, ta sunkuya. Mena ba ta sauke gilashi ba, gabanta kawai take kallo. A tagar bene na hango Fahy da littafinsa. Abin da takardun ƙararsa na shekara goma sha tara ba su yi ba, ya samu a banza, kuma na tabbata har yau bai san yadda aka yi ba.

Da motar ta ɓace Saja ta kulle ƙarfe, ta shigo zango a ƙafa kamar yadda ta saba. Ta tsaya a fili na bakwai. Ba komai sai shacin tayoyi da igiyar bargo. Ƙofar ɗakin girki a buɗe take, ƙusoshi biyu a bango ba kofi. Sai ta juya wajen katanga. A gindinta, daidai inda aka buga na Miley, ga farin tangaran a warwatse, wani ɓallin da shuɗin fure.

"Faɗuwa ya yi, Misis Cawley?" ta tambaye ni.

"A'a."

Shekara shida tana shiga cikinmu, ta san kofin wa ake fasawa. Ta durƙusa ta ɗauki ɓallin mai furen, tana juya shi a tafin hannu.

"Ajiye shi, Saja," na ce. "Ba a ɗauka."