Yadda Zanen Ya Ce

…gamsuwa wai. “Shin ka gamsu da aikinka?” Fuskoki biyar a takarda, daga mai washe baki zuwa mai ɗaure fuska, wai ya zaɓi ɗaya. Shekara goma sha tara yana yankan ƙarfe a kamfanin nan mai ma'aikata dubu uku — to ina fuskar mai son shaƙe wani?

Yana ture takardar, zanen na kallonsa: sandar da ke riƙe ƙugiyar ɗaga kaya. Kauri milimita talatin da biyu. Ƙarya! Talatin da takwas ne, ko makaho ya shafa ya sani. Shekara huɗu Injiniya, mai farar hular da ba ta san baƙin mai ba, yana turo lissafi a karkace, shi yana gyarawa shiru. Ba sannu, ba na gode…

Jiya, gaban baƙi, Injiniyan ya ce masa: “Baba, bar mana tunanin, kai dai yanka abin da aka zana.” Har da dafa kafaɗa! Yaron da ake goya shi lokacin da shi yake shan mari a garejin bakin titi, mari ɗaya kan kowane milimita — kunnen hagun nan har yau ba ya ji sosai. Takardar makaranta? Ga ta nan, a kunne.

To madalla. Yau zai yanka abin da aka zana. Sa hannun wa ke ƙasan zanen? Ba nasa ba. A ɗora tan goma, sandar ta ce ƙas, a kira taro, a nemi mai tunani. Zai zauna a gaba ma, ya harɗe ƙafa.

Injin na juyi, ƙarfe na zubar da ɓawo. Kaurin sandar na raguwa: arba'in da ɗaya… arba'in…

Ranar gwaji Injiniya yana sama, bayan gilashi, da kofin shayinsa. A ƙasa fa? Wa ke kama sarƙa, ya tsaya daidai ƙarƙashin kayan yana ɗaga hannu?

Gajere. Mijin ƙanwarsa. Shi da kansa ya kawo shi aikin nan. “Yaya, ka riƙe mini shi amana,” in ji ta, da ciki wata bakwai.

Talatin da tara.

Allah ya isa… har fushin ma ba a bar masa ya yi ba? Ya gyara, yaron ya sake shan tafi?

Talatin da takwas. Injin na kuka, hannunsa na kan mariƙi, ya ƙi gaba, ya ƙi ɗagawa…