Ƙwai Shida Kowace Safiya

Wata uku kamfanin motocin safa ya ba Baba. Takardar ta ce duk direban da sukarinsa bai sauka ba kafin gwajin lafiya na gaba, to ya ajiye makulli. Shekara ashirin da biyu yana kan sitiyari bai taɓa goge ko madubin wani ba, ga shi yau jininsa na neman sauke shi daga mota.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata, ita ta karanta takardar. Ta gama jami'a tana zaman jiran aiki, kuma a gidan duk abin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe ita ake miƙa wa. Kwana uku tana manne da waya, daga wannan bidiyo sai wancan. Duk bakinsu ɗaya: a bar shinkafa da burodi da taliya, a riƙe nama da kifi da ƙwai. Ta tsara jadawali ta manna a jikin firij.

Mama ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin wanda nama ya ramar ba. Baba ya yi dariya, ya ce in wannan ne maganin, ai ciwon bai yi masa rashin adalci ba.

Ƙwai shida da safe, kaza a kular abinci zuwa tasha, da yamma nama da ɗan ganye a gefe don fitar kunya. Kullum kafin ya fita Uwata za ta soke masa yatsa ta ɗiga jinin a na'ura, su uku su sunkuya kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Lambar kuwa sai sauka take. Ta sayi ɗan littafi tana rubutawa.

A mako na shida sikeli ya fara hawa. Kilo biyu, sai huɗu.

"Ban faɗa ba?" in ji Mama. "Kitse ne. Kin mai da min miji ragon kiwo."

Uwata ta koma waya, waya ta ce laifin man suya ne. Ta daina soyawa ta koma dafawa, ta ƙara ƙwai biyu. Baba ya take bayan takalminsa saboda ya fara matse shi, yana cewa a tasha har an fara tambayarsa ko gado ya ci. Ta lura shatin safa na wuni a ƙafarsa bai baje ba. Ta lura yana dawo da rabin kazar. Ta gani ta yi shiru, tunda lamba na sauka.

Ranar gwaji ta raka shi da littafinta a hannu. Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ba ta ko buɗe littafin ba. Ta duba takardun jini da na fitsari, ta sunkuya ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya zauna. Ta tambayi abin da yake ci, Uwata ta lissafa mata cikin ƙaramar murya.

"Wa ya ɗora shi a kan wannan?"

"Ni na ɗora kaina, likita," Baba ya riga ta. "Kwaɗayi ne."

Likitar ta ce ba kitse ba ne, ruwa ne. Sukari ya daɗe yana cin ƙodarsa ba a duba ba, sai aka zo aka lafta wa tsohuwar mota kayan tirela. Saukar lambar ma ba duka alheri ba ce: ƙoda in ta gaza, maganin da yake sha sai ya daɗe a jini, sukari na iya faɗuwa farat ɗaya yana tsakiyar titi da mutum hamsin a bayansa. Ba za ta sa hannu ba.

Baba ya juya hularsa a hannu. Ya tambaya ko na wata shida, ko gajeren zango, cikin gari kawai. Ta girgiza kai, ta rubuta masa takardar zuwa sashen masu ciwon ƙoda.

Motar da suka tare ta komawa gida ta kamfaninsu ce. Direban, tsohon abokin Baba, ya leƙo ta madubi yana tambayar yaya gwaji.

"Sai godiya," in ji Baba, ya wuce can kujerar baya, inda bai taɓa zama ba.

Uwata ta zauna kusa da shi. Duk sanda motar za ta rage gudu sai ta ga ƙafarsa ta dama ta danna ƙasa, tun kafin direban ya taka birki. Ta buɗe baki ta ce, "Baba, ni ce..."

"Kul." Bai dube ta ba. "In mun isa dai ke za ki faɗa wa mamanki. Ni ban san ta inda zan fara ba."

Motar ta zo kwanar gidansu ta wuce, babu wanda ya ce a tsaya.